TEKU YANA CIN GARURUWA: A NEMI WURIN KOMAWA TUN RUWA BAI KAI ƘOFA BA

Yawancinmu ba mu taɓa ganin teku ba, watakila ma wani ya ce ina ruwan mai noman dawa da gero da maganarsa. Amma akwai wani gari a bakin tekun ƙasarmu wanda ya kamata kowace ƙungiyar gama kai ta san labarinsa, gama mutanensa sun riga mu fara irin aikin da muke yi, yanzu kuwa ruwa yana cinye musu gari suna ji suna gani.

Sunan garin Ayetoro, yana ƙasar Ilaje cikin Jihar Ondo. A shekarar 1947 waɗansu masunta, 'yan wata ikilisiya da ake kira Manzanni Masu Tsarki, suka bar ƙauyukansu suka kafa shi a kan laka a bakin teku. Suka kakkafa dirkoki, suka gina gidajen katako a bisansu, suka shimfiɗa katakai suka zama titunan gari. Dukiyarsu ɗaya ce. Abin da aka samu wajen kamun kifi yakan shiga asusun jama'a, jama'a kuma ta ciyar da kowa. Da wannan haɗin kai suka haƙa hanyar ruwa da hannunsu, suka ƙera jiragen ruwa masu inji, suka buɗe masaƙa da wurin ɗinkin takalma, suka kuma samu wutar lantarki tun garuruwa da yawa da suka fi su girma suna kunna fitilar ƙwai. Har daga ƙasashen waje akan zo kallonsu. Daga baya tsarin dukiya ɗaya ya yi sanyi, amma garin ya ci gaba da zamansa.

Yau mazauna Ayetoro suna cewa fiye da rabin garin ya shiga teku. Ɗaruruwan gidaje sun tafi, makarantu sun sha matsawa baya. Sau biyu aka ba da kwangilar kare bakin tekunsu, a 2004 da 2009, kuɗi na biliyoyin naira, amma aikin bai kammalu ba. Shekara fiye da 20 ke nan suna jiran bango, teku kuwa bai jira ba.

Daga wannan labari muka ɗauko ra'ayin da muke so mu kawo muku a wannan fitowa. Garin da yake bakin teku kada ya ɗora dukan sa zuciyarsa a kan bangon da gwamnati za ta gina. Ya yi abin da zai iya da hannunsa domin ya sayi lokaci, ya kuma nemi ƙasar da zai koma tun yana da ƙarfi da tsari. Mun sani magana ce mai nauyi, shi ya sa za mu bi ta daki-daki.

ME YA SA RUWAN YAKE HAUHAWA?

Masana na ƙasashen duniya, a rahoton da suka fitar a 2021, sun nuna cewa daga 1901 zuwa 2018 tekun duniya ya ɗaga da wajen santimita 20, watau kamar taƙi ɗaya. Abin da ya fi tada hankali shi ne saurinsa yana ƙaruwa. Daga 1901 zuwa 1971 yakan ɗaga milimita 1.3 a shekara, amma daga 2006 zuwa 2018 ya kai milimita 3.7 a shekara. Kafin shekarar 2100 ana sa ran ƙarin da zai kama daga wajen santimita 30 zuwa mita ɗaya, gwargwadon yadda duniya ta rage hayaƙi ko ta ƙi ragewa.

Dalilin kuwa shi ne ɗumamar duniya. Hayaƙin fetur da kwal da gas yana tare zafi a sararin sama. Ruwa in ya yi zafi yakan kumbura, kamar yadda kowace uwargida ta sani in ta cika tukunya maƙil ta ɗora a wuta. Ga kuma tsohuwar ƙanƙara da take jibge a kan manyan duwatsu da ƙasar Girinlan da ƙuryar kudu ta duniya, tana narkewa tana gangarawa teku. Ko da yau aka daina hayaƙin, zafin da ya riga ya shiga teku zai sa ruwan ya ci gaba da ɗagawa shekaru aru-aru.

Wani zai ce taƙi ɗaya me zai yi? Ku tuna da fadama. In ruwa ya ƙaru da taƙi ɗaya a rafi mai gaɓa a tsaye, ba wanda zai kula. In kuwa a shimfiɗaɗɗiyar fadama ne, sai ya mamaye kadada da yawa. Bakin tekunmu, mai tsawon kilomita wajen 850, galibinsa shimfiɗe yake haka. Sa'an nan duk hadirin da ya taso, raƙuman ruwansa a kan wannan ƙarin suke hawa. Ruwan gishiri kuma yana bi ta ƙarƙashin ƙasa ya shiga rijiyoyi da gonaki. Wanda kanwa ta taɓa fito masa a gona ya san abin da muke nufi.

Amma kada a ɗora wa ɗumamar duniya laifin duka. A gaɓar Afirka ta Yamma igiyar ruwa tana kwasar rairayi daga yamma zuwa gabas, koguna kuma suna kawo sabo ya maye gurbin wanda ya tafi. In aka datse kogi, rairayin yakan kwanta a bayan madatsar. Haka ya faru da Kogin Volta bayan an gama madatsar Akosombo a 1965, haka kuma madatsar Kainji ta 1968 da 'yan'uwanta suke riƙe wani kashi na abin da Kogin Kwara yake kaiwa teku. Ga masu ɗibar yashi a bakin teku domin gini, ga masu sare itatuwan da suke riƙe laka domin ƙyafe kifi, ga ƙasa tana nutsewa a inda ake zuƙe ruwa ko mai daga ƙarƙashinta. Mutanen Ayetoro kansu suna ɗora laifi mai yawa a kan aikin haƙar mai da ake yi a tekunsu. Waɗannan dalilai na kusa su ne waɗanda ƙasa da gari za su iya taɓawa tun yau.

MAGANAR BANGO

Kowane garin da teku ya matsa wa, abin da yakan fara roƙo shi ne bango. Ba mu ga laifinsu ba. Amma mu duba abin da ya faru inda aka gina.

Garin Keta a ƙasar Gana yana kan siririn tudun rairayi, teku a gabansa, tafki a bayansa. Teku ya ci unguwanni da yawa na tsohon garin, har ya rushe wani sashe na ganuwar da mutanen Danmak suka gina a 1784. Daga 2000 zuwa 2004 aka yi babban aikin kariya na fiye da dala miliyan 80. Aka jibge duwatsu a gaɓa, aka jera waɗansu suka miƙe cikin teku kamar yatsu domin su tare rairayi. Aikin ya yi amfani, Keta ta samu sauƙi. Amma rairayin da aka tare a Keta shi ne wanda a dā yake tafiya ya ciyar da gaɓar da take gabas. Sai zaizaya ta tsananta a ƙauyukan da suke wajen iyakar Togo, irin su Blekusu da Agavedzi, har su ma aka soma yi musu nasu aikin. A watan Nuwamba 2021 teku ya yi ambaliya a wannan yanki ya raba dubban mutane da gidajensu.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya tare ruwa a gonarsa ba tare da ya yi shawara da maƙwabci ba, ya san inda ruwan yakan bi, ya kuma san ƙarar da takan biyo baya a gaban mai unguwa. A Legas ma haka aka yi. Dogayen duwatsun da aka jera a bakin mashigar jiragen ruwa tsakanin 1908 da 1912 sun tare rairayi, gaɓar da take gabas da su ta yi ta zaizayewa shekara da shekaru. Yanzu an gina ƙaton bango a wurin, an cike bayansa ana gina sabuwar unguwar masu hali, ƙauyukan masunta da suke gaba kuwa suna kuka cewa ruwan ya koma kansu.

Akwai kuma haɗarin aikin gaggawa. Birnin San Luwi na ƙasar Senegal yana bakin kogi, wani siririn tudun rairayi ya raba kogin da teku. A watan Oktoba 2003 kogin ya cika yana neman cin birnin, sai hukuma ta sa aka yanka wata 'yar hanya mai faɗin mita 4 a jikin tudun domin ruwa ya fita. Birnin ya tsira a wannan shekara. Amma teku ya kama 'yar hanyar nan ya yi ta buɗa ta har ta kai faɗin kilomita da dama. Ƙauyen Dun Baba Jeye ya tashi ɗungum, ruwan gishiri ya lalata lambunan albasa da kayan miya na yankin Ganjol, masunta da yawa kuma sun hallaka wajen ƙetare sabuwar mashigar.

Saboda haka ga abin da muke gani. Bango yana da wurinsa. Inda akwai tashar jiragen ruwa da masana'antu da miliyoyin mutane, tilas a kare, kuɗin kuma zai fito. Amma ba gwamnatin da za ta iya zagaye kilomita 850 da dutse, balle ta riƙa gyara shi kullum. Inda za a gina, sai a zauna da garuruwan da suke gaba da baya tun kafin a jefa dutse na fari. A kuma faɗa wa mutane gaskiya, cewa bango lokaci yake saya musu, shekara 20 ko 30 ko 50, domin su shirya.

ABIN DA GARI ZAI IYA DA HANNUNSA

Na fari, a auna. Yadda muke ajiye littafin ruwan sama, haka ƙungiyar gari za ta kafa turaku a jere daga wani gini mai ƙarfi zuwa bakin ruwa, a riƙa rubuta inda ruwa ya kai kowane wata. Bayan shekara uku ko huɗu kowa zai ga taku nawa teku yake ci a shekara, a kuma lissafta yaushe zai kai kasuwa, yaushe zai kai makaranta. Wanda ya je gaban hukuma da littafi a hannu ya fi wanda ya je da kuka kaɗai.

Na biyu, a hana ɗibar yashi a gaɓa, a kuma dasa itatuwan bakin teku waɗanda ake kira mangurob. Itace ne mai tsirowa cikin laka da ruwan gishiri, saiwoyinsa a waje kamar ƙafafun gizo. Yana karya ƙarfin igiyar ruwa, yana kama laka ƙasa ta riƙa tasowa, ƙananan kifaye kuma a cikinsa suke girma. A yankin Kasamans na Senegal an fara dashensa da aikin gayya a ƙauyen Tobor a 2006, daga baya ɗaruruwan ƙauyuka suka shiga aka dasa miliyoyi, domin a kare gonakin shinkafa daga gishiri. Sai dai a lura, dashe da yawa yakan mutu in an sa shi inda igiyar ruwa ta yi ƙarfi ko inda bai saba tsirowa ba. Kare wanda yake tsaye ya fi dasa sabo sauƙi. Wannan kuwa ba zai yiwu ba sai an samar wa mata masu ƙyafe kifi murhu mai cin itace kaɗan, gama ba don ɓarna suke sarewa ba.

Na uku, a gyara zama ya dace da ruwa. A ɗaga gidaje da rumbuna a kan dirkoki, a tara ruwan sama a tankuna tun da rijiyoyi suna yin gishiri, a yi kunya mai tudu, a nemi irin shinkafa mai jure gishiri. A ƙasar Bangaladash manoma sukan tara kainuwa su yi katifa mai kauri a kan ruwa, su shuka kayan lambu a bisanta. Ruwa ya hau, lambun ya hau tare da shi.

Na huɗu, a shirya wa ranar masifa. A nan ma Bangaladash ce abin koyi. Guguwar teku ta 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000, ta 1991 ta kashe wajen 138,000. Tun 1972 suka kafa rundunar 'yan sa kai a ƙauyuka, yau sun fi 70,000, maza da mata. In labarin guguwa ya zo ta rediyo, sai su bi gida-gida da lasifika da tuta. Aka kuma gina dubban mafaka masu bene, waɗanda a sauran ranaku makarantu ne. Da wata babbar guguwa ta zo a 2007, waɗanda suka mutu ba su kai 4,000 ba. A 2020 an kwashe mutum fiye da miliyan 2 kafin guguwa ta iso, mutuwar ba ta kai 50 ba a ƙasar. Talakawa ne irinmu, tsari ne ya cece su.

Duk waɗannan suna bukatar ƙungiya mai dawwama. Akan ba da misali da ƙasar Holan, wadda wajen kashi ɗaya cikin huɗu nata yana ƙasa da teku, akan kuma yabi manyan ƙofofin ƙarfe da suka gina bayan ambaliyar 1953 da ta kashe mutum 1,836. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, tun shekara fiye da 700 da suka wuce manoman ƙasar suka kafa majalisun ruwa. Kowane mai gona yana da sashen gaɓar da zai kula da shi, akwai masu dubawa, akwai tara ga wanda ya yi sakaci. Har yau majalisun nan suna nan, ana zaɓen wakilansu, suna karɓar harajinsu. Kuɗin Holan ya fi ƙarfinmu, amma majalisar ruwa ba ta fi ƙarfin kowane gari ba.

MAGANA MAI WUYA: TASHI

Duk da haka akwai garuruwan da in an duba littafin awo za a ga ba za su kai shekara 30 ba. A nan ne muke cewa a fara neman wurin komawa tun yanzu. Bari mu gwada tashi iri biyu.

A San Luwi ɗin nan, teku ya rushe gidajen masunta a 2017 da 2018. Da yake ba a shirya ba, aka zuba iyalai a tantuna, daga baya aka kai su wani wuri da ake kira Jugob, wajen kilomita 10 daga bakin ruwa, da taimakon Bankin Duniya. Sun samu wurin kwana, amma masunci yana bukatar ya isa jirginsa tun da asuba, matarsa kuma ta tari kifi a gaɓa. Kuɗin mota kullum ya zama musu sabon haraji, waɗansu ma suka riƙa komawa kwana a tsoffin unguwanninsu.

Ƙauyen Vunidogoloa a tsibirin Fiji kuwa wata hanya ya bi. Sun gwada bango, teku ya rushe shi. Tun wajen 2006 dattawan ƙauyen suka nemi gwamnati da maganar tashi, aka yi shekaru ana shawara. Suka zaɓi tudu a cikin ƙasar kakanninsu, wajen kilomita 2 daga gaɓa. Su suka ba da katako da ƙarfinsu, gwamnati ta ba da kuɗi. Aka gina gidaje wajen 30, aka haƙa tafkunan kifi, aka shuka abarba, har ƙasusuwan iyayensu suka kwashe zuwa sabuwar maƙabarta. A 2014 suka tashi gaba ɗaya, maƙwabci yana nan kusa da maƙwabcinsa. Suka sa wa wurin suna Kenani, watau Kan'ana. Ba a rasa hawaye ba, tsofaffi har yanzu suna kewar bakin ruwa, amma ƙauyen bai watse ba.

Daga waɗannan biyu muna ganin sharuɗɗan tashi mai kyau. Jama'a ce za ta yanke shawara, har da mata da matasa. A samu fili da takarda, da yardar masu ƙasa. A tashi unguwa-unguwa, kada a warwatsa dangi. A fara tunanin sana'a kafin tunanin gida, a kuma bar hanya zuwa inda ake ɗaure jirage. A yi shi sannu a hankali: makaranta da ɗakin magani da wurin sujada su fara zuwa, duk saurayin da zai yi aure ya gina ɗakinsa a sabon wuri, tsofaffi su zauna inda suke muddin akwai hali. A buɗe asusu kamar adashi, kowane jirgi ya riƙa zuba wani abu.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce, ku da kuke kan tudu, da sauƙi ku ce wa wani ya bar kabarin ubansa. Gaskiya ne, ba mu da bakin musu. Amma teku in ya zo ba ya barin kabari. Wanda ya shirya da wuri shi ne yake da damar kwashe abin da yake daraja.

Za a kuma ce, in gari ya nemi fili, gwamnati za ta ce ai sun yarda su tashi, ta manta da maganar kariya. Wannan tsoro yana da tushe. Amsarmu ita ce a nemi biyun a takarda ɗaya, kariya domin shekarun da suka rage, fili domin 'ya'ya. A Keta ma, wani sashe na aikin da ba a cika magana a kansa ba shi ne cike bakin tafki da aka yi, aka samar da sabuwar ƙasa aka gina wa waɗanda teku ya kora gidaje. Ga wuri irin Ilaje, inda bayan gari ma fadama ce kuma tudu yana da nisa, irin wannan cikon aiki ne da sai gwamnati ta sa hannu. Da biliyoyin da aka ware wa bangon Ayetoro an raba su, wani kashi ya tafi wajen tayar da sabon tudu, da yau akwai inda iyalai za su sa kai.

Za a ce kuma, ba su suka jawo ɗumamar duniya ba, don me za su biya? Wannan ma gaskiya ne. Afirka duka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya. A taron ƙasashe da aka yi a Masar a 2022 an yarda a kafa asusun biyan asarar da sauyin yanayi ya jawo, a 2023 kuma aka yi alkawarin wajen dala miliyan 700. Kuɗin ya yi kaɗan ƙwarai in an gwada da bukata. A ci gaba da neman hakki, amma mai jiran diyya ba ya barin kayansa cikin ruwa. In kuɗin ya zo ma, garin da yake da ƙungiya da littafin awo da fili a hannu shi zai fara samu.

INA RUWANMU?

Takin zamani da muke zubawa, a Lekki da yankin Fatakwal ake yin mai yawansa, duka a kusa da teku. Albasa da tumatir da shanunmu kasuwannin Legas suke tafiya, 'ya'yanmu da ƙannenmu da yawa kuma can suke neman abinci, galibi a unguwannin da ruwa yake fara shiga. In bakin teku ya rikice, za mu ji a farashin buhu.

Ban da wannan, mutanen da za su tashi, wurin waɗansu za su sauka. Mun san irin rigimar da fili yake haifarwa tsakanin ɗan gari da baƙo. In an yi shawara tun da wuri, da sarakuna da shaidu da takarda, akan zauna lafiya. In kuwa sai da dare ɗaya mutane suka kwararo da tabarmi a ka, to, rigima ce ake shukawa. Duk inda aka nemi bakinmu a irin wannan magana, mu goyi bayan shiri da wuri da kuma karɓar baƙo da mutunci.

Na ƙarshe, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. A Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shiga Maiduguri, a Mayu 2025 kuma aka yi ta Mokwa. Ƙungiyoyinmu da yawa suna bakin Binuwai da Kwara da Gongola da ƙananan rafuka. Abin da muka faɗa wa mutanen bakin teku, mu ma ya shafe mu. Saboda haka muna roƙon kowane shugaban ƙungiya ya karanta wannan a taro na gaba, a tattauna waɗannan tambayoyi:

1. Ina ne iyakar da ruwa ya taɓa kaiwa a garinmu? An sa alama a wurin? Gida nawa da rumbu nawa suke ƙasa da alamar?

2. In labarin ambaliya ya zo da dare, wa zai sanar da jama'a, ina za a taru, wa zai ɗauki tsofaffi da marasa lafiya?

3. Akwai wani aikin tare ruwa da muka yi wanda yake cutar maƙwabtanmu na gangare? Mun taɓa tambayarsu?

4. In ya zama tilas wata unguwa ta tashi, ina za ta koma, da wa kuma ya kamata a fara magana tun bana?

Magatakarda ya rubuta amsoshin a littafin ƙungiya, ya ba malamin gona na yankinku kwafi sa'ad da ya zo zagaye, domin mu ga inda za a fara aiki kafin damina. Mu kuma riƙa tunawa da mutanen Ayetoro da sauran garuruwan bakin teku. Allah ya ba su mafita, ya ba mu damina mai albarka.